Matar Da Ke Gefen Zane

3 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗiyata Tawada,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Innarki tana gaishe ki. Gwiwa ce ke damunta, amma bakinta lafiya lau, don tun safe take yi mini faɗa wai na ɗora kofin shayi a kan takardun mutane. Ta ce in tambaye ki ko rigar sanyin da ta saƙa miki ta iso.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san halin kunnena. Kuma maganar waya iska ce, ta takarda kuwa tana zama.

Hannuna na dama ya fara rawa. Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Shekara arba'in da ɗaya ina zana hotunan littattafan 'yan firamare, da layi ɗaya nake fitar da bayan akuya. Shekaranjiya na zana akuya, Innarki ta leƙo ta ce, "Wannan karen me ya same shi?" Muka yi dariya. Da ta fita, ni ban ci gaba da dariyar ba.

Manajan maɗaba'a yana son hoto sittin na sabon littafin karatu na aji biyu, kafin ƙarshen Yuni. A wata biyu, guda bakwai na gama. Ya zo da kansa, ya zauna a kan kujerar nan mai ɗingishi da kika sani, ya yi ta zagaye-zagaye, har ya ce wasu yanzu na'ura suke faɗa wa abin da suke so, kafin shayi ya huce hoto ya fito. Hannunka mai sanda ya yi mini, na kuwa gane.

Ke da kike aiki a kamfanin masu ƙera wannan ƙirƙirarriyar basira, ki faɗa mini gaskiya. Ni na raine ki tun kina shekara biyu, tun ranar da kika shanye mini rabin kwalbar tawada kika samo wa kanki suna, ba za ki ɓoye mini ba. Ta zo ta taya mu ne, ko ta zo ta sallame mu? Ina so in gama littafin nan, don jikina yana ba ni shi ne na ƙarshe.

Kawunki.

21 ga Fabrairu

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. A gaishe da Inna da gwiwa. Rigar ta iso, har a ofis nake sa ta, don sanyin da suke kunna mana saboda kwamfutoci ya fi na waje.

Na karanta maganar hannunka a kan teburina, sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska. Me ya sa ba ka faɗa mini tun da wuri ba?

Ga amsar tambayarka. Na'urar nan ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata. In aka nuna mata zanen mutum dubu, sai ta yi zane mai kama da na kowa. In kuwa naka kaɗai na nuna mata, hannunka za ta koya. Za ka rubuto mini abin da kake so, misali yara uku suna ɗibar ruwa a famfo, ita kuma ta zana shi yadda da kai za ka zana. Tunanin naka ne, sunan naka ne, hannu kawai muka ara maka. Kai ne kake cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to ga ranar maganarka.

Ka aiko mini da zanukan da ke cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin tebur, duka. Zan ɗauki hotonsu in mayar maka ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Don Allah kada ka ce a'a don girman kai. Ka bar ni in yi maka wani abu sau ɗaya a rayuwata.

Ɗiyarka,
Tawada.

10 ga Maris

Tawada,

Muna lafiya. Innarki ta ce rigar ba don ofis ta saƙa ta ba, amma ba komai.

Kwana huɗu na yi ina juya maganarki. Daga ƙarshe Innarki ta ce in ban aika ba ita za ta aika. Ga su nan a kwali biyu, zane dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai. Ma'aikacin gidan waya ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce masa shekaruna ne. Na haɗa da jerin hotuna hamsin da uku da suka rage.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda kika gani a cikin zanen nan, da dalilin zuwansa. Kada a bar kowa a baya.

Kawunki.

28 ga Afrilu

Kawu, albishirinka!

Ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Ni lafiya ƙalau, sai ido da ya gaji da kallon allo.

Aiki ya yi kyau fiye da yadda na zata. Ga hoto goma sha biyu na buga maka ka gani. Dubi kunnen akuyar nan, dubi yadda yaran suke riƙe fensir da hannu biyu. Wadda muke zama tebur ɗaya da ita ta kasa bambance naka da na na'urar. Kuma na kiyaye maganarka, ban bar ko zane ɗaya ba, duka dubu ɗaya da ɗari ukun na nuna mata.

Wani abin dariya ya faru. Da farko duk hoton da na'urar ta fitar sai ta maƙala wata mata a gefe, ta juya baya, ɗankwalinta ya zame, kafaɗarta ta hagu ta yi ƙasa. Na ce ta zana jirgin sama, ga matar a gefen filin. Na ce ta zana kifi a ruwa, ga ta a bakin gaɓa tana tafiya. Muka yi ta dariya a ofis, har aka sa mata suna Mai Fushi. Da na bincika sai na ga a zanukanka ta ɗauko ta, kana yawan cike gefe da ita, ita kuma na'ura ta ɗauka dole ce. Irin wannan matsalar mun saba da ita. Mako biyu na yi ina bin hotunan da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina goge ta, sannan na sake koya wa na'urar. Yanzu ta fita fes, ko inuwarta babu. Naka na takarda ban taɓa su ba, suna hanya.

Saboda lokaci ya ƙure, na tura wa Manaja duka hamsin da ukun kai tsaye. Ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba, har ya ce akwai littafin aji uku da na aji huɗu. Ka huta, Kawu. Ka sha shayinka, ka ɗora kofin inda ka ga dama.

Ɗiyarka,
Tawada.

2 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan.

Wata uku ke nan. Na kira, Inna ta ce kana barci. Na sake kira, ta ce ka fita. Kai da ba ka zuwa ko'ina sai masallaci da shagon mai takarda. Manaja ya ce littafin ya fito, an kai maka kwafi biyar, ba ka ko buɗe ledar ba.

In fushi kake don na'ura ta iya abin da ka iya, ka faɗa mini. Na san da ciwo. Amma ni ban ƙwace maka komai ba, sunanka ne a bangon littafin, ba nawa ba. Na hana idona barci don kada a ba wani aikinka, ko sannu ban samu ba. Ka yafe mini in na yi rashin kunya, raina ne ya ɓaci.

Tawada.

19 ga Agusta

Ɗiyata,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Kwalayen sun dawo lafiya. Ba ki yi rashin kunya ba, kuma sannu da aiki. Ya kamata in faɗa tun tuni.

Ba kishin na'ura nake ba. Akuyarta ta fi tawa ta yanzu, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Sau shida na fara wasiƙar nan ina yagawa. Laifin nawa ne da ban taɓa faɗa miki ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Matar da kika goge mahaifiyarki ce.

Kin san ta rasu kina shekara biyu, kin san hotonta ɗaya tak da muke da shi ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo. Ga abin da ba ki sani ba. Wata Laraba da hantsi ta shigo gidan nan ɗauke da ke a kafaɗa. Ta ajiye ki a wurin Innarki, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin aikina. Ina kan wani hoton kasuwa da za a karɓa da azahar. Ta ce, "Yaya, ba na jin daɗin jikina, ko za ka raka ni asibiti?" Na ce, "Ina zuwa, bari in rufe wannan layin." Ban ɗaga kai ba. Ta ɗan tsaya, na ji numfashinta. Sai ta ce, "Bar shi, Yaya, yi aikinka, yanzu zan dawo."

Da na rufe layin na ɗago, bayanta kawai na gani tana fita. Ɗankwali ya zame, kafaɗar hagu ta yi ƙasa saboda ɗaukar ki. Na ce a raina in na miƙa aikin zan bi ta. Kafin la'asar aka aiko.

Washegarin sadakar bakwai na koma tebur, hannuna da kansa ya sa ta a gefen hoton. Tun daga nan ban sake zana hoto ba tare da ita ba, shekara ashirin da shida. Editoci sun sha tambaya, in ce cike gurbi ne. Yara dubbai sun koyi karatu tana tsaye a gefen shafinsu. Ke ma a kan cinyata kika koyi baƙi da wasali tana nan kusa da yatsanki. Kullum ina cewa ranar da na samu ƙarfin zuciya zan juyo da ita in nuna miki fuskarta, don ni kaɗai na rage da zan iya. Kullum sai in ce gobe. Da-na-sani ƙeya ce, ni kuwa ƙeyar nake ta zanawa.

Na buɗe littafin jiya. Shafi bakwai tana nan, sauran hamsin da ukun wayam. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na'urarku ta lura da ita, ta gane ba na zane sai da ita. Ba ta san ko wace ce ba, amma ba ta bar ta a baya ba.

Kada ki yi kuka da yawa. Ba ki sani ba.

Kawunki.

6 ga Satumba

Kawu,

Ban san yadda zan gaishe ka ba. Ina fatan kuna lafiya.

Mako biyu na yi ina goge uwata da hannuna, ina shan shayi, ina dariya. Ni na fara kiranta Mai Fushi. Na kasa zama a teburin nan, na ce musu ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Na roƙi Manaja a mayar da ita a bugu na biyu. Ya ce an riga an raba littafin a makarantu, kuma shi ya fi son gefen shafi ba komai.

Amma na yi wani abu. Na dawo da hotunan farko da take ciki, na haɗa da hotona, da naka kana saurayi, na sa duk abin da Inna ta taɓa faɗa mini, cewa tana da wushirya da ɗan tabo a haɓa. Na ce wa na'urar ta juyo da ita. Ta fitar da fuska ɗari biyu, na zaɓi wadda zuciyata ta fi kwantawa da ita. Ga ta nan a cikin ambulan. Na sa irinta a gefen gadona. Ka duba ka faɗa mini, Kawu, ita ce? Ko kusa?

Ɗiyarka.

25 ga Satumba

Tawada,

Lafiya muke, sai hannun da ya ƙara gaba. Yanzu Innarki ke ɓalle mini maɓallin riga. Ki yi haƙuri da rubutun.

Na ga hoton. Kyakkyawar mace ce, Allah ya sani. Ba ita ba ce.

Mahaifiyarki ba ta da kyau irin wannan. Idonta ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta. In za ta yi dariya sai ta fara ɓata fuska kamar mai shirin faɗa. Wannan matar ta ambulan ba ta taɓa jiran kowa a bakin ƙofa ba.

Da na sani da ban buɗe ba. Na kalle ta sau ɗaya, na kifa ta a cikin aljihun tebur, amma aikin gama ya gama. Yanzu in na rufe ido ina neman ƙanwata, wannan baƙuwar ce ke zuwa, da wushiryarta da tabonta, ta zauna daram. Shekara ashirin da shida ina riƙe da fuskar nan a kaina ba ta dushe ba, a mako biyu ta fara narkewa. Garin neman gira muka rasa ido, ni da ke duka.

Ba na so ki sake tambayar na'ura komai. Abu ɗaya ya rage. Ki zo gida. Goshinki nata ne, kuma in ranki ya ɓaci kina cije leɓe irin nata. Hoto ba zai ba ni wannan ba, sai kin zauna a kujerar nan mai ɗingishi kina motsi, kina magana, ina tsokanarki. In ina kallonki, wataƙila ta dawo, in zana ta ko da layin zai yi rawa. Ki yi sauri, hannun ba jirana yake ba.

Kawunki.

11 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na cire hoton daga gefen gadona.

Na nemi hutu. Shugabar sashenmu ta ce sai mun miƙa aikin da ke hannunmu, ƙarshen Disamba. Na yi magiya, ta ce in na tafi yanzu ba lalle in tarar da kujerata ba. Mako goma sha ɗaya ne kawai, Kawu. Na riga na sayi tikiti na ranar ashirin da takwas ga Disamba. Ka riƙe mini hannun nan, ka sha magani a kan lokaci. Ina zuwa, bari in rufe wannan aikin.

Ɗiyarka,
Tawada.

4 ga Disamba

Tawada ɗiyata,

Innarki ce. Kin san ni ba gwanar wasiƙa ba ce, amma abin da zan faɗa ba na iya faɗarsa a waya ba tare da murya ta ƙwace mini ba. Ina fatan kina lafiya. Gwiwa da sauƙi.

Kamar yadda na faɗa miki ranar Asabar, Kawunki ya dawo gida daga asibiti. Ɓarin dama ne ya shanye. Yana gane mutane, yana cin abinci in na ba shi, magana ce dai sai a hankali. Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa. Na tambaye shi hannun fa, sai ya hau duba takardunsa.

Ranar da wasiƙarki ta zo, ya karanta layin ƙarshe sau biyu. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Jinina ce, ba ta da laifi." Kada ki ɗora wa kanki, ni na faɗa miki.

Daga ranar ya koma ɗakin aiki. Kullum bayan karin kumallo sai ya ɗaure fensir a yatsunsa da ƙyallen ɗinkina, ya riƙe wuyan hannun da na hagu. Mako biyar yana kan takarda ɗaya. Ya yi ta gwada fuskar yana gogewa har takardar farko ta huje. Wata rana ya ce mini, "Ta tafi, ba ta zuwa." Na ce ya jira ki. Ya ce zai jira, amma akwai abin da ba sai ya jira kowa ba. Ya ɗauki sabuwar takarda.

Ita ce wannan da na sa miki a tsakanin kwali biyu. A kan tebur na same ta ranar da ya faɗi. Jiya na nuna masa na ce in aika miki? Ya gyaɗa kai.

Za ki gane ɗakin, ga taga, ga akwatin ƙarfe, ga kujerar. Ga mahaifiyarki a bakin ƙofa, ta juya baya kamar kullum, bai iya juyo da ita ba. Amma wannan karon ba a gefe take ba, a tsakiya ya sa ta. Kuma ya zana abin da bai taɓa zanawa ba, ya sa kansa a ciki. Ki duba mutumin da ke kan tebur. Fensirin yana ƙasa, ya ture kujera, kansa a ɗage.

Layukan duk sun karkace, wani wurin sai kin ƙura ido. Ya yi ta ƙoƙarin faɗa mini wata magana a kai, sai da na kai kunnena bakinsa na ji. Ya ce kada ki bari a gyara.

Manaja ya aiko a tambaya ko za a fara littafin aji uku, tunda ba sai an wahalar da Kawunki ba. Na ce ya jira ki zo, ku kuka san wannan.

Na share ɗakinki na canza labule. Ki taho da rigar sanyin, akwai inda zan ƙara mata. In kin iso kada ki tsaya gaishe ni a tsakar gida, ki wuce wurinsa kai tsaye. Na juya masa gadon yana kallon ƙofa, haka ya nema.

Innarki.